Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Editan da Ya Raini Hausar Jarida

Gabatarwa

A watan Janairu na shekarar 1939 aka buga fitowar farko ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka sa mata kuɗi kwabo ɗaya. Wanda aka ɗora wa nauyin rubuta ta wani malamin makaranta ne da aka ɗauko daga Katsina, bai ko cika shekara 30 da haihuwa ba. Bai taɓa aikin jarida ba, kuma babu wani edita ɗan ƙasa da ya gabace shi a wannan fage balle ya ga yadda ake yi. Guzurin da ya zo da shi kawai shi ne littattafan hira da ya riga ya rubuta, da kuma kunne mai jin Hausa. Sunansa Abubakar Imam.

Yawancin masu karatu sun san shi ne ta hanyar Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, har sunansa na marubuci ya danne sunansa na ɗan jarida. To amma shekara 12 da ya yi a kan kujerar edita suna da muhimmanci na musamman ga ɗalibin kimiyyar harshe, domin a cikinsu ne Hausar boko ta fita daga aji ta shiga kasuwa da zaure da barikin soja. A cikinsu ne kuma aka ga yadda ɗan jarida yake rayuwa idan hukumar da take biyansa albashi ita ce babbar cibiyar adabi da al'adu ta ƙasarsa, ita ce kuma ke ƙarƙashin gwamnatin da yake son ya gaya wa gaskiya.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a wancan zamani yake cikin lardin Kwantagora, yanzu kuwa cikin Jihar Neja ta Nijeriya. Gidansu gidan malamai ne, asalin kakanninsa kuma daga Borno suka fito. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali. A gabansa yaron ya fara karatun allo, ya soma sanin Larabci, kuma wannan tushe bai rabu da alƙalaminsa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Yayansa, Malam Bello Kagara, shi ne ya buɗe masa ƙofar boko. Malam Bello yana cikin waɗanda suka yi karatu a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, daga baya ya zama malami a Katsina. A hannunsa Abubakar ya tashi, ya shiga makarantar lardi ta Katsina, sannan a 1927 ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Wannan kwaleji ita ce ta yaye akasarin mutanen da suka riƙe Arewacin Nijeriya a lokacin karɓar mulkin kai. Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Minista, duk sun yi zamani da shi a can. Ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyar da Ingilishi a Makarantar Midil ta Katsina, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

Wannan tarbiyya ta haɗa masa abubuwa da ba kasafai suke haɗuwa ga mutum ɗaya ba a lokacin. Ya san Larabcin zaure, ya san Ingilishin kwaleji, ya kuma zauna kusa da fada inda ake auna magana kafin a furta ta. Malaman zaure da yawa ba su karanta boko, ƴan boko da yawa kuma Hausarsu ta fara gauraya da ginin jimlar Turanci. Shi yana tsakiya, yana jin kowane ɓangare.

Gasar 1933 da zaman Zariya

A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara domin samar wa makarantu abin karantawa da Hausa. Ita ce ta fitar da littattafai irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Dare Dubu da Ɗaya. Da aka ga fassara kaɗai ba za ta wadatar ba, sai aka faɗaɗa aikinta, aka mayar da ita Hukumar Talifi, mazauninta a Zariya, ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi, Dokta Rupert East. A 1933 East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da zube. Abin baƙo ne, domin a al'adar malamai rubutu na addini ne da tarihi da waƙa, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara, ba a ɓata tawada a kanta.

Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam yana da shekara 22 lokacin da ya rubuta nasa. Labarin Alhaji Imam ne da yawonsa na neman ruwan magani, da karonsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a gari bayan gari. Abin da ya ja hankalin East shi ne yadda mutanen cikin littafin suke magana kamar masu rai, da yadda barkwanci yake fitowa daga cikin ginin jimlar kanta.

Saboda haka a 1936 aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya na tsawon wata 6. East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, shi kuma ya zauna ya narkar da su, ya sake ƙera su da sunaye da garuruwa da ɗabi'un ƙasar Hausa. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, inda wani aku yake riƙe ɗan sarki Musa da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri. Wannan zama na wata 6 shi ne ainihin makarantar aikin jaridarsa. A nan ya koyi rubutu a kan wa'adi, da yarda a gyara masa, da ɗauko abin da aka faɗa da wani harshe ya mayar da shi yadda Bahaushe zai ji kamar a gidansu aka haife shi. Edita ba ya buƙatar abin da ya fi wannan.

Haihuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo

Kafin 1939 akwai wata jarida ta gwamnati, Jaridar Nijeriya Ta Arewa, wadda aka fara a 1932 da harsuna uku, Hausa da Larabci da Ingilishi. Ba ta fitowa akai-akai, kuma yawanci sarakuna da ma'aikata take isa gare su. A 1938, da gajimaren yaƙi ya fara haɗuwa a Turai, sai jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Hukuma ta ga ba ta da wata hanya ta yi wa talakawa magana kai tsaye da harshensu. Daga nan aka yanke shawarar kafa jarida ta Hausa zalla, aka danƙa ta ga Hukumar Talifi, East kuma ya nemi a dawo masa da Imam. Sunan jaridar da kansa amsa ce ga jita-jitar, ya kuma haɗa da kuɗin da ake sayenta.

Da farko wata-wata take fitowa, daga baya aka riƙa matso da lokacin har ta zama ta mako-mako. Watanni kaɗan da fara ta yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, labarinsa ya mamaye shafukanta. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a Gabashin Afirka, daga baya aka kai su Bama, kuma Hausa ce harshen bariki ko ga waɗanda ba Hausawa ba. Jaridar ta zama igiya tsakanin soja da gida. Ga waɗanda ba su iya boko ba, an riƙa fitar da ƴar ƙaramar takarda da ajami mai suna Ƴar Gaskiya. Kofi ɗaya kuma ba mutum ɗaya yake yi wa aiki ba: wanda ya iya karatu yakan zauna a dandali ko a ƙofar gida ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare.

Wannan hali na karatu a bayyane shi ya tsara salon Imam. Tun da ya san kunne ne zai karɓi rubutun kafin ido, sai ya riƙa gina jimla yadda mai karatu zai iya numfasawa, yana kawo misali daga gona da kasuwa, yana shigo da karin magana inda bayani zai yi tsawo. Labarin da ya zo daga Landan da Ingilishin ofis, sai ya warware shi tukuna, ya tambayi kansa yadda dattijo zai ba da shi a zaure, sannan ya rubuta.

Jarida a matsayin maƙerar harshe

Lokacin da Gaskiya ta fara fitowa, ƙa'idojin rubutun boko ba su daɗe da fara zama ba. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun Hausa a 1912, inda ake bambanta wasu baƙaƙe da ɗigo a ƙarƙashinsu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya yi amfani da wata alamar dabam. A ƙarshen shekarun 1930 ne aka tsaya a kan baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, kuma Hukumar Talifi ce ta ɗauke su ta sa a aiki. Doka a takarda ba ta zama al'ada sai ido ya saba da ita. Jaridar da ake gani kowane wata, daga baya kowane mako, ita ce ta sabar wa dubban mutane da waɗannan baƙaƙe, da raba lamirin suna daga aikatau, da manne harafin mallaka a jikin suna, kamar a gidan sarki da rigar sarki.

Haka nan ita ce ta tabbatar da abin da aka bari ba a rubutawa. Rubutun yau da kullum bai nuna karin sauti ba, bai kuma nuna tsawon wasali ba. Shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke da kama ɗaya a takarda, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Masu tsara rubutun sun dogara ga cewa mai harshe zai gane daga muhallin magana, kuma shekarun da jaridar ta yi ana karanta ta ba tare da ruɗani ba sun ƙarfafa wannan ra'ayi. Mai koyon Hausa daga waje da mai nazarin tsarin sauti su ne suka biya kuɗin wannan sauƙi, har yau kuma su ne suke ƙara alamomi a rubutunsu na ilimi.

Sai batun kalmomi. Kowace fitowa tana zuwa da abin da Hausa ba ta taɓa sa wa suna ba: makaman yaƙi, da tsarin mulki, da cututtuka da magungunansu. Hanyoyi uku ne a gaban edita. Ko ya ari kalmar Ingilishi ya daidaita ta da bakin Bahaushe, irin su gwamna da asibiti, ko ya koma rumbun Larabci da malamai suka riga suka sani, irin su siyasa da majalisa da jam'iyya, ko kuma ya ƙera suna mai bayyana kansa, irin su jirgin sama da jirgin ƙarƙashin ruwa. East da kansa ya yi rubutu a 1937 a kan matsalar kalmomin Turawa a harsunan Arewa. Abin da yake nazari a wurin East, a teburin Imam aiki ne na kullum wanda ba ya jiran taron masana, domin injin buga jarida yana jira. Kalmar da masu karatu suka karɓa ta zauna, wadda suka ƙi ta mutu. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta tarar da an riga an share mata fili mai yawa.

Akwai wani abin lura game da karin harshe. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne bisa karin Kano, alhali mutumin da ya fi kowa yaɗa ta an haife shi a Kagara, ya girma a Katsina, ya yi aiki a Zariya. Wasiƙu suna zuwa masa daga Sakkwato da Bauci da Gwambe da barikokin soja, kowa da irin Hausarsa, shi kuma yana daidaita su kafin a buga. Ta haka masu karatu suka riƙa ganin Hausa iri ɗaya ko daga ina wasiƙar ta fito, har suka ɗauka ita ce Hausar rubutu.

Ɗan jarida a cikin gidan adabi

Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ta tsaya ga labarin yaƙi da sanarwar gwamnati ba. Ta riƙa ba da labarin sababbin littattafai, da makarantu, da bukukuwan sarauta, tana kuma buga waƙoƙi da wasiƙun masu karatu. Kafin zuwanta, rubutacciyar waƙa tana yawo ne da ajami daga hannu zuwa hannu, ko a bakin almajirai da makafi masu bara. Jarida ta ba mawaƙi damar ya yi magana da mutanen lardin da bai taɓa takawa ba, a kan al'amuran zamani irin su ilimi da tsafta da siyasa. Zamanin da ya fito da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja zamani ne da boko da injin ɗab'i suka riga suka buɗe wa waƙa wannan sabuwar hanya.

Matsayin Imam a nan yana da sarƙaƙiya. Hukumar da take buga littattafan ita ce take buga jaridar da za ta ba da labarinsu, editan kuma yana cikin manyan marubutan hukumar. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, ya haɗa jarida da ɗab'i da talifi a ƙarƙashin inuwa ɗaya, a 1948 kuma ya ƙara da jaridar Ingilishi mai suna Nigerian Citizen. Wannan haɗuwa ta yi amfani, domin marubuci sabo yana iya farawa da wasiƙa a jarida ya ƙare da littafi, kuma a nan aka horar da ma'aikata irin su Nuhu Bamalli. Ta kuma yi illa, domin babu wata murya mai zaman kanta da za ta auna littattafan ta faɗi aibinsu. Aikin jaridar a fagen adabi ya fi karkata ga gabatarwa da ƙarfafa gwiwa. Sharhi mai tsanani a kan adabin Hausa sai da jami'o'i suka kafu sannan ya samu gurbi.

Imam bai daina rubuta littattafai ba a wannan lokaci. Shi da East sun rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana halittu da al'amuran kimiyya da Hausa mai sauƙi, aikin da ya nuna cewa harshen yana iya ɗaukar ilimin zamani idan an samu mai haƙurin nemo kalmar da ta dace.

Tafiyar Ingila da shiga siyasa

A 1943 aka gayyaci editoci 8 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila su ziyarci Birtaniya. Imam ne kaɗai daga Arewacin Nijeriya. A cikin tawagar akwai Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot, wanda ya shirya wata takarda ta neman a tsara wa waɗannan ƙasashe matakan samun mulkin kai cikin ƙayyadadden lokaci. Imam ya ƙi sa hannu. A ganinsa Arewa tana baya ƙwarai a ilimin boko da yawan ma'aikata, kuma ba a aiko shi da yawun jama'arta don ya ɗaure su da irin wannan alkawari ba. Wannan mataki ya jawo masa suka daga ƴan kishin ƙasa na Kudu, waɗanda suka ɗauke shi ɗan amshin shatan Turawa.

Sai dai a cikin wannan tafiya ce kuma ya gana da Lugga, wanda ya kafa tsarin mulkin Arewa ta hannun sarakuna, ya kuma bayyana masa illolin da tsarin ya haifar: yadda aka toshe wa matasa masu ilimi hanyar faɗin ra'ayi, da yadda talaka ba shi da inda zai kai kuka idan hakimi ko ma'aikacin En'e ya zalunce shi. Ya biyo bayan ganawar da rubutu. Labarin tafiyar kuma ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya kai mai karatu Bahaushe cikin jirgin ruwa da titunan Ingila a tsakiyar yaƙi.

Waɗannan abubuwa biyu, ƙin sa hannu da kai ƙara wurin Lugga, su ne hoton matsayinsa a duk tsawon aikinsa. Jaridar ta gwamnati ce, akwai Bature a samansa, sarakuna kuma suna karanta kowane layi. Duk da haka ya buɗe shafin wasiƙu ga masu koke, shi kuma a sharhinsa yakan bi ta hanyar hannunka-mai-sanda, ya ba da labari ko misali wanda mai laifi zai gane kansa ba tare da an ambaci sunansa ba. Masu sarauta da yawa sun ga ya cika tsokana. Matasa masu zafin ra'ayi, musamman bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, sun ga ya cika lallashi. Mai karatu na yau yana da ikon ya ɗauki ɓangaren da ya ga dama, amma ya kamata ya tuna cewa kafin wannan shafi na wasiƙu babu wani wuri da talakan Arewa zai rubuta kukansa da harshensa dubban mutane su gani.

Imam yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tun tana ƙungiyar al'adu kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. A wannan shekara ya bar kujerar edita, aka kuma zaɓe shi ɗan majalisa.

Bayan kujerar edita

Siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi da daɗewa ba. Ya koma ga harkar littattafai a lokacin da gwamnatin Arewa ta tayar da Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959. Ita ce ta buga ɗimbin ƙananan littattafai da diwanan waƙoƙi, da jaridun larduna irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano, dukkansu a kan tafarkin da Gaskiya ta share. Daga tsakiyar shekarun 1950 ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin Arewa, a daidai lokacin da ake ƙoƙarin cike ofisoshi da ƴan ƙasa. A ɓangaren rubutu kuma ya fi mayar da hankali ga addini da tarihin Musulunci, inda ya fitar da littattafai irin su Tarihin Annabi Kammalalle.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 kamfanin NNPC na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa da ya bari a rubuce, wanda Abdurrahman Mora ya tsara.

Gadonsa a idon mutanen Adar

A lokacin da Imam yake rubuta Gaskiya, ƙasar Adar tana ƙarƙashin Faransa, wadda makarantunta ba su koyar da kowane harshe sai Faransanci. Saboda haka babu wata hukuma irin ta Talifi a wannan ɓangare, babu kuma jarida irin Gaskiya. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 ma iyakar da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Illela ta zama iyaka tsakanin gwamnatoci biyu masu gaba da juna, domin hukumomin Faransa na Afirka ta Yamma suna biyayya ga gwamnatin Bishi. Hausawan Tawa da na Sakkwato harshensu ɗaya, karinsu ma kusan ɗaya, amma tarihin rubutunsu na boko ya rabu. Har kalmomin aro suka bi wannan rabuwa: inda aka ari kalma daga Ingilishi a kudu da iyaka, a arewa da ita sai aka ji lakwal da mushe da kumandan.

Bayan samun ƴancin kai Nijar ta fara koyar da manya karatu da harsunan ƙasa. Taron Bamako na 1966 ya ba da shawarar a riƙa nuna dogon wasali ta hanyar ninka shi, Nijar ta bi wannan tsari, Nijeriya kuwa ta tsaya a kan abin da ta saba. A taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, shekara ɗaya kafin rasuwar Imam, aka karkata ga tsarin da ba ya ninka wasali. Ɗaya daga cikin ƴan bambance-bambancen da suka rage shi ne harafin ƴ, wanda ake rubutawa da lanƙwasa a Nijar, a Nijeriya kuwa da ɗan waƙafi a gaban y. Nauyin littattafai da jaridun da aka riga aka buga a Zariya tun daga shekarun 1930 yana cikin abin da ya rinjayar da ma'auni.

Wannan nasara tana da farashi ga mai magana da Adaranci. Wanda ya tashi yana cewa tahi da hwari da rigas sarki, idan ya ɗauki alƙalami sai ya rubuta tafi da fari da rigar sarki, har wani lokaci ya ɗauka nasa kuskure ne. Ba kuskure ba ne. Karin yamma ya adana siffofi da dama da masana tarihin harshe suke dogara da su wajen gano tsohuwar Hausa, kuma littafin da Bernard Caron ya wallafa a 1991 a kan Hausar Adar ya nuna yawan abin da ke cikinsa. Daidaitacciyar Hausa yarjejeniya ce da wasu mutane suka ƙulla a wani zamani domin biyan wata buƙata, kuma Imam yana cikin manyan waɗanda suka ƙulla ta.

Hanyar da ya bi wajen aikin ita ce ta fi cancanta a gada. Ya saurari yadda mutane suke magana kafin ya rubuta, ya gwada kalma a gaban masu karatu kafin ya tsaya a kanta. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo na shekarun 1939 zuwa 1951 suna nan a ɗakunan adana takardu na Arewacin Nijeriya, cike da wasiƙu da waƙoƙi da kalmomin da aka gwada aka watsar. Ɗalibin da ya zauna ya kwatanta su da Hausar da ake ji yau a kasuwar Tawa da gidajen rediyonta zai samu abin rubuta kundi fiye da ɗaya.